Yayana ke riƙe da kuɗin kula da ni, ni kuwa ba a ko tambaya ta

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 36, a da ni malamar firamare ce. Shekara shida ke nan da muka yi hatsarin mota a hanyarmu ta dawowa daga biki, lakata ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba na jin komai. Hannayena lafiya lau, hankalina ma haka. Ba a rufa shekara da hatsarin ba aurena ya mutu, na dawo gidanmu. Ni da Hajiyarmu muna sashe ɗaya, babban yayanmu da iyalinsa suna ɗaya sashen.

Ƙanena da ke aiki a Jidda yana turo kuɗi duk wata domin kula da ni, sannan akwai shagon da na gada daga mahaifinmu ana ba da shi haya. Duka hannun Yaya suke shiga, har katin cire kuɗina yana wurinsa tun ina asibiti. Ban san nawa ke shigowa ba, ban san nawa ke fita ba. Matarsa ce ke ɗauko yarinyar da za ta taimaka min daga ƙauye, ita ce kuma ke sallamar ta. A shekara biyu an canza min huɗu. Wadda na saba da ita, ta iya ɗaga ni ba tare da ta ji min ciwo ba, an kore ta ina barci saboda ta yi faɗa da 'yar gidan. Ta yanzu shekararta 14, kuma sai ta gama wanke-wanke da shara a can sashen kafin ta leƙo ni. Wata ranar sai azahar nake samun wanka.

Wata ƙungiya ta zo unguwarmu tana rubuta masu lalura, Yaya ya cike takardar bai shigo ya tambaye ni ba, ya rubuta keken ɗinki. Ni kuwa abin da nake so shi ne in riƙa yi wa yara lesin a zaure. Keken guragun da aka karɓo min ya yi min faɗi, zama a kansa azaba ne. Islamiyya ma an hana ni, wai kada in faɗi a hanya.

Da na ce a ba ni katina in riƙa biyan mai taimaka min da kaina, Yaya ya yi kwana uku bai shigo ya gaishe ni ba, matarsa kuma ta ce wa Hajiya na zama butulu. Hajiya kuka kawai take yi tana ce min in yi haƙuri. Wallahi na san sun wahala da ni. Shin butulci ne in nemi a bar ni in riƙe al'amarina? In ba butulci ba ne, ta ina zan fara ba tare da gidan ya watse ba?

Daga 'yar'uwarki a wani birnin Arewa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda na tsaya na daɗe shi ne wurin da kika ce an sallami yarinyar kina barci. Wanda bai taɓa kwanciya yana jiran wani ya ɗaga shi ba zai ce an canza 'yar aiki, to sai me? Amma wannan yarinya ita ce ta san inda za ta sa hannu a bayanki, ta san gefen da kika fi jin daɗin kwanciya, ta ga tsiraicinki har kin daina jin kunyarta. Kafin ki kai nan da wata sabuwa sai an yi watanni. An yanke hukunci a kan jikinki ba a ko tashe ki ba. Don haka ki cire kalmar butulci daga ranki. Butulu shi ne wanda aka yi wa alheri ya musanta, ke kuwa ko a wasiƙar da kika rubuta rai a ɓace sai da kika rantse cewa sun wahala da ke.

Bari mu fara da Yaya, domin in ba ki fahimci inda yake tsaye ba, duk abin da zan faɗa miki zai iya zama faɗa. Ki tuna ranar da katin nan ya shiga hannunsa. Kina kwance a asibiti, ana miƙo takardar magani da tsakar dare, dole wani ya fita ya sayo. A ranar karɓar katin taimako ne, babu mai musu. Matsalar ita ce babu wanda ya sa ranar da za a mayar miki da shi, har abin da aka yi don larurar wata biyu ya zama tsarin gida na shekara shida. Shi a ganinsa amana yake riƙe, kuma a unguwa da haka ake yaba masa. Da kika ce "ba ni katina", kunnensa bai ji "na samu ƙarfin riƙe kaina" ba, abin da ya ji shi ne "kana cin kuɗina". Shirun kwana ukun nan na iya zama ciwon zuciya, yana kuma iya zama tsoron ranar lissafi. Ki shirya wa duka biyun. Da yadda kuɗin magani, robar fitsari da kunzugu suka tashi a 'yan shekarun nan, ba abin mamaki ba ne lissafi ya nuna cewa shi ke cikawa daga aljihunsa yana yin shiru. Ba abin mamaki ba ne kuma a tarar kuɗinki ya gauraya da na cefanen gida har shi kansa ba zai iya raba su ba. Kada ki shiga maganar kina da hukunci a hannu.

Matarsa ma tana da nata. Duk ranar da yarinya ta gudu ko ta yi zazzaɓi, wa ke ɗaga ki? Ina kyautata zaton ita ce, domin Hajiya ba ta da wannan ƙarfin. Mace da ta yi shekaru tana wannan ba albashi, ba hutu, wani lokacin ba ko sannu, takan fara ganin cewa tunda ita ke shan wahala, ita ke da ta cewa. Kuskure ne, amma kuskure ne da ake iya gane tushensa. Sai dai akwai abin da ba zan ɓoye miki ba: yarinyar da ake biya da kuɗin da aka turo dominki, amma sai ta gama wanke-wanken wani sashe kafin ta leƙo ki, ta zama 'yar aikin gidan, ke kuma kina samun ragowarta. Wannan shi ne abin da ya fi komai buƙatar gyara, kuma shi ne zai fi yi wa matar Yaya zafi, domin hannu ɗaya za ta rasa a aikin gida. Ki san da wannan tun yanzu.

Kin ce Hajiya tana ce miki ki yi haƙuri, kuma na san a gidajenmu da zarar an ambaci haƙuri sai a ga kamar addini ya rufe maganar. Bai rufe ba. Ayoyi na 5 da na 6 na Suratun Nisa'i sun yi maganar waɗanda ake riƙe wa dukiya: wanda ba ya iya tattalinta, da maraya kafin ya girma, kuma an ce da zarar an ga shiriya a tare da shi a miƙa masa abinsa. Malaman fiƙihu sun lissafa dalilan da ake hana mutum juya dukiyarsa, irin su ƙuruciya, taɓin hankali da almubazzaranci. Rashin ƙafa ba ya ciki. A shari'ance Yaya wakilinki ne a kan shagon nan, shi kuwa wakili mai dukiya ne ke naɗa shi, shi ne kuma ke sauke shi. Ki tuna Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho ne, amma Annabi (SAW) ya sha barin Madina a hannunsa idan zai fita. Labarin da ya fi kama da naki kuwa shi ne na Amru ɗan Jamuh, dattijo mai tsananin ɗingishi, wanda 'ya'yansa suka so su tsare shi a gida ranar Uhudu saboda tausayi. Ya kai ƙara wurin Annabi (SAW). Aka gaya masa cewa Allah Ya ɗauke masa, aka kuma gaya wa 'ya'yan kada su hana shi. Rangwamen nasa ne, in ya so ya karɓa in ya so ya bari. Ba a mayar da shi igiyar ɗaure shi ba. Ke kuwa ba yaƙi kika ce za ki ba, Islamiyya ce a bayan layi.

Ta fuskar hukuma ma kina da madafa, ko da yake ba zan yi miki romon baka a kai ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010. Sashe na 12 na yarjejeniyar ya ambaci haƙƙin gado da mallakar dukiya da riƙe harkar kuɗin kai, sashe na 19 kuma ya ce mutum shi ke zaɓar inda zai zauna da wanda zai zauna da shi, tare da samun mai taimaka masa. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya karya ta, da naira miliyan ɗaya ga kamfani, daga baya a 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su. Amma dokar ba ta ware albashin mai taimako ba, don haka nauyin yana nan a wuyan dangi, shi ya sa irin rigimarki a tsakar gida take ƙarewa.

Abin da kike nema ba baƙon abu ba ne a duniya. A Amurka akwai wani Ed Roberts da shan inna ta kama yana ɗan shekara 14, daga wuya zuwa ƙasa ba ya motsi sai ɗan abin da ba a rasa ba, a cikin injin numfashi yake kwana. Ya shiga jami'a a Berkeley a 1962, shi da abokansa suka assasa cibiyar da masu lalura ke tafiyar da ita da kansu a 1972, kuma hukumar jihar Kalifoniya da ta taɓa cewa ba zai iya aiki ba, daga baya shi aka naɗa ya shugabance ta. Abin da suka tsaya a kai shi ne, tsayawa da ƙafarka ba yana nufin ka yi komai da hannunka ba, yana nufin kai ke faɗin wa zai taimake ka, yaushe, kuma ta yaya. A Birtaniya har doka aka yi a 1996 da ta ba ƙananan hukumomi damar miƙa wa mai lalura kuɗin kulawarsa a hannu, ya ɗauki mai taimakonsa ya biya shi. Mu ba mu da gwamnatin da za ta yi mana haka, amma ke kina da ƙane a Jidda da shago a kasuwa. Abin da ya rage shi ne kuɗin ya bi ta hannunki.

Sai dai kuɗin nan ba iri ɗaya ba ne, kuma kada ki haɗa su a baki ɗaya. Hayar shago taki ce tsantsa, babu mai ta cewa a kai. Abin da ƙanenki ke turowa kuwa kyauta ce, shi ke da ikon cewa ga inda za ta shiga. Don haka kafin ki sake tunkarar Yaya, ki kira Jidda, a lokacin da ba kowa a ɗakin. Kada ki kai ƙarar kowa. Ki ba shi labarin ranarki kawai: ƙarfe nawa kike farkawa, ƙarfe nawa ake leƙo ki, ƙarfe nawa kike wanka, yaushe rabonki da ƙofar gida. Ina da yaƙinin bai san rabin wannan ba, domin wanda ke nesa "tana nan lafiya, tana gaishe ka" kawai yake ji. Sannan ki tambaye shi nawa yake turowa, ki roƙe shi abu ɗaya ƙarami: kason da ake biyan mai taimako ya riƙa turo shi asusunki kai tsaye, sauran ya ci gaba da bi ta hannun Yaya a yanzu. Ki kuma roƙe shi kada ya ɗaga waya ya yi wa Yaya faɗa. Ƙane da ke turo kuɗi yana tuhumar wa, wannan wuta ce da za ta daɗe ba ta mutu ba, kuma ke ce a kusa da ita.

Kafin zaman gida, ki ɗauki littafi, ai malama ce ke. Wata guda cur ki rubuta duk abin da aka kashe a kanki: magani, robar fitsari, safar hannu, sabulu, kunzugu, kuɗin ɗan sahu zuwa asibiti, kuɗin gashin ƙashi, abin da ake ba yarinya. Ki sa kuma naki kason na abinci da wuta da ruwa, domin in za ki karɓi kuɗinki, adalci ne ki riƙa zuba wani abu a tukunyar gida, kuma ki faɗi haka da bakinki kafin wani ya faɗa. A wani shafin ki rubuta yadda kike son ranarki ta kasance: wanka kafin ƙarfe takwas, lokutan zagayawa, lokutan juya ki, ranakun fita. Kada ki bari a ɗauki wannan a matsayin son jiki. Mai lalurar laka da ba a kula da lokacin fitsarinta ba tana kamuwa da cutar mafitsara, wadda ta daɗe a zaune ko a kwance wuri ɗaya kuma fatarta na buɗewa ta zama gyambo, ga shi ba ki jin wurin balle ciwo ya gargaɗe ki. Gyambon nan kan ci watanni da kuɗi masu yawa kafin ya rufe. Idan likitanki ko mai yi miki gashi ya rubuta miki waɗannan lokutan a takarda ya sa hannu, kin samu shaidar da babu mai kiranta rashin kunya.

Zaman kansa kada ki yi shi ku biyu, kada kuma ki tara jama'a. Ki nemi mutum ɗaya da Yaya ke jin nauyinsa, kawu ko gwaggo ko limamin da ya san mahaifinku, Hajiya tana zaune, ƙanenki yana kan waya in ya yiwu. Ki fara da godiya ta gaskiya mai suna da rana: daren da ya kwana a barandar asibiti, ranar da matarsa ta wanke ki ba ta nuna ƙyama ba. Sannan ki ce masa wani abu kamar haka: "Yaya, ka ɗauki kayan nan shekara shida, ban taɓa tuhumar ka ba, yanzu ma ba tuhumar ka nake ba. Ina so in rage maka. Ka bar min maganar mai taimaka min da kuɗinta na wata uku, in rubuta komai, ka duba. In na gaza, mu sake zama." Wata ukun nan su ne mabuɗin. Mutumin da ba zai iya cewa "na sauka" ba yana iya cewa "to, a gwada". Shawarata kuma, kada ki nemi lissafin shekara shidan da suka wuce a wannan zama. Haƙƙinki ne, babu shakka, amma in kika haɗa jiya da gobe a zama ɗaya, jiya za ta cinye goben. Ki ja layi, a fara sabon littafi. In daga baya kin ga dole sai an waiwaya, lokacin kina da ƙafar tsayawa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma yana da kyau ki faɗa wa Hajiya haka ita kaɗai kafin zaman, domin kukanta na tsoron rabuwar 'ya'yanta ne, ba don ta yarda an yi miki daidai ba.

Yanzu ga ɓangaren da ba kowa ke son ji ba. Ranar da kika zama mai ɗauka da biya, kin zama uwar ɗaki, kuma wannan aiki ne. Yarinya 'yar shekara 14 ba ta da ƙashin ɗaga babbar mace, za ta ji wa bayanta ciwo ko ta yar da ke, kuma makaranta ya kamata a ce tana. Kada a kore ta kamar yadda aka kori waccan. A sallame ta da mutunci da haƙƙinta, ko matar Yaya ta riƙe ta da kuɗinta in tana so. Ke ki nemi babbar mace, bazawara ko wadda mijinta ya rasu, 'yar unguwa da za ta zo da sassafe ta koma, ta dawo da yamma. Sa'o'i kaɗan na ƙwararriya a kan lokaci sun fi yini guda na yarinyar da ake kira daga kicin. Ki fara tambayar waccan da kika saba da ita ko tana nan, ko za ta dawo. Ku yi magana a fili a gaban shaida: ga aikin, ga lokacin, ga kuɗin, ga ranar biya, ga ranar hutu, kuma aikinta a ɗakinki yake, ba aike ba wanke-wanken wani. Ki biya ta ranar da kika ce, ko da ke za ki matsu. Ki je da ita wurin masu gashi sau ɗaya ko biyu a koya mata yadda ake ɗagawa da juyawa da duba fata. Kuma tun ranar farko ki tanadi ta biyu, wadda za a kira in ta farko ta yi rashin lafiya ko an yi mata rasuwa. In ba ki yi wannan ba, ranar da ta kasa zuwa matar Yaya za ki kira, kuma za ki ji abin da ba ki so.

Wani abu da na gani a gidaje da yawa: mutumin da aka daɗe ana dannewa, ranar da ya samu na ƙasa da shi sai ya huce a kansa. Ki kiyaye. Matar nan za ta ga ranakun da ranki ke ɓace, kada ta zama ita ce mai biya.

Maganar kati mai sauƙi ce a aikace. Asusun naki ne, da sunanki da BVN ɗinki, don haka kina iya neman banki ya mayar da alat kan lambar wayarki, ya rufe tsohon kati ya ba ki sabo, ki sa lambar sirrin da ke kaɗai kika sani. Kina kuma iya buɗe wani asusun daga wayarki, ki riƙa tura kuɗi kina kwance. Amma kada ki rufe katin a ɓoye, Yaya ya je wurin mai POS a gaban mutane ya ƙi aiki. Wannan cin fuska ne da zai rushe duk abin da kika gina. Ki bari a yi zama, ya miƙo da hannunsa. Mai hayar shago ma a sanar da shi a rubuce, ku biyu kun sa hannu, cewa daga wata kaza ga inda zai biya.

Keken nan kuwa kada ki ƙara zama a kansa don kunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin raba keken guragu tun 2008, kuma jigonsu shi ne a auna mutum, a daidaita masa, a ba shi matashin zama mai kare fata, a koya masa amfani da shi. Keken da ya yi faɗi yana sa jiki ya karkata gefe ɗaya, nauyi ya taru a wuri ɗaya, daga nan gyambo ke farawa. In kina kusa da Kano, ki je sashen gashi na Asibitin Ƙashi na Dala, in ba haka ba asibitin koyarwa mafi kusa, a duba ko za a iya gyara shi ko musanya shi. Ranar, ki gaya wa mai raka ki tun a gida cewa ke za ki amsa tambayoyin likita. In likitan ya juya yana tambayar Yaya "yaya jikin nata?", ki ce cikin fara'a, "Likita, ga ni nan, ni zan gaya maka." Sau biyu ya isa. Ita ma ƙungiyar da ta rubuta miki keken ɗinki, ki nemi lambarsu ki kira da kanki, ki ce ke ce mai sunan kuma ga abin da kike buƙata: allo, benci, tabarma, littattafai. In ba su iya canzawa ba, keken ɗinki ai ana sayarwa ko a ba da haya, ba kuma sai kin jira su ba. Yara biyar na maƙwabta bayan la'asar sun isa a fara, kuma kuɗin farko da za ki samu da guminki zai canza yadda gidan ke kallon ki fiye da duk wani dogon bayani.

Tsoron Yaya game da fita ba ƙarya ba ne, hanyoyinmu kwata ne da rami. Ki amsa masa da tsari. Ɗan sahu guda da aka sani, mai taimakonki a tare da ke, waya a hannu, ƙarfe kaza kin dawo. In akwai tudu a ƙofar gida, a sa birkila ya zuba gangara mai sauƙi, ƙa'idarta ita ce duk tsayin taku ɗaya a ba shi tsawon taku goma sha biyu. Ki fara da ranar Asabar ɗaya. Wataƙila wata rana ki faɗi. Masu ƙafa ma suna faɗuwa daga babur kullum, babu wanda ya kulle su a ɗaki.

Ki kuma nemi irinki. Ƙungiyar JONAPWD, wadda ta haɗa ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman a Najeriya, tana da rassa a jihohi, kuma a cikinta akwai ɓangaren masu lalurar laka. Matar da ta yi shekara goma sha biyar a kan keke za ta gaya miki inda ake samun robar fitsari da rahusa, da yadda ta shawo kan nata dangin, abin da ni ba zan iya ba.

In duk an yi wannan Yaya ya kafe, to ki hau mataki-mataki. A ƙaro wani babba a dangi, daga nan mai unguwa ko masu sulhu na Hisba in jiharku tana da ita. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA duk suna karɓar irin wannan koke, kuma sau da yawa da sulhu suke farawa. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma a kan shago gaskiya na gefenki. Amma kada ki taka ko mataki ɗaya a cikin waɗannan sai kin tabbatar kina da wadda za ta ɗaga ki gobe da safe ko da duk gidan sun yi fushi. Idan kuwa kika ga an fara horar da ke ta hanyar jinkirta miki wanka, abinci ko magani don kin yi magana, wannan ya wuce saɓanin 'yan'uwa. A ranar ki kira ƙanenki da wannan babban da kika zaɓa, kada ki bari maganar ta kwana.

Ki fara da littafin nan yau, ki kira Jidda cikin makon nan. Idan wata ukun suka cika ki sake rubuto min, ina son jin yara nawa suka zauna a zauren, da kuma ko an samo waccan yarinyar.